A Taɓa Majinyaci Kafin A Rubuta Masa Magani

A gidajen likita da yawa na ƙasar nan, birni da karkara, ganin ma'aikacin lafiya ba ya wuce minti biyu ko uku. Mutum ya shiga, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, a rubuta masa takardar magani, ya fita ya nufi farmasi. Sau da yawa ba a kama hannunsa ba, ba a ɗaura masa ma'aunin tansiyo ba, balle a ce ya ɗaga riga a saurari ƙirjinsa. Shi kansa majinyacin ba ya ganin laifin haka, domin allura ya zo nema ko ƙwaya, in ya samu sai godiya.

Wannan al'ada tana cin rayuka a ɓoye, kuma lokaci ya yi da za a kau da ita. Duk baligin da ya shiga gidan likita, kome ƙanƙantar abin da ya kawo shi, ya cancanci a duba zuciyarsa da gudanar jininsa da ido, da hannu, da kunne. Aikin bai fi minti goma ba. Kayan aikin kuwa, ƙaramar jaka guda ta ɗauke su.

Ciwon da ba ya sallama

Zuciyar baligi ba ta fi dunƙulen hannunsa girma ba, amma takan buga kamar sau 100,000 a kwana guda. Tana tura jini kamar lita 5 cikin minti ɗaya, ya kewaya jiki ya komo. Tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa domin kada jini ya koma baya. Tun 1628 wani likitan Ingila, Wiliyam Harbi, ya bayyana cewa jini kewaya yake yi, kuma zuciya ce ke tura shi.

Babban abokin gaban wannan aiki shi ne hawan jini, wanda jama'a ke kira tansiyo. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi sallama da ciwon kai da rawar ɗari. Hawan jini kuwa yakan shekara goma a jikin mutum yana noma, yana fatauci, yana zuwa ofis, bai ji kome ba. A cikin shekarun nan yana ƙara wa tsokar zuciya kauri har ta gaji, yana cin ƙoda, yana ɓata ƙananan jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa. Ranar da zai bayyana, sai a ji an ce wane ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Wasu su ce jifa ne, wasu su ce iska ta buge shi. Da an auna shi shekara biyar kafin wannan rana, da wataƙila yana nan bisa ƙafafunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Babu hanyar da za su sani sai an auna su. Ciwon kai ba shaida ba ne, rashin ciwon kai ma ba shaidar lafiya ba ne.

Abin da ake dubawa cikin minti goma

Dubawa tana farawa da tambaya. Ko mutum yana haki in ya yi ƴar tafiya ko ya ɗauki kaya? Ko yana iya kwanciya miƙe da dare, ko sai ya tara matasan kai? Ko ƙirji na yi masa nauyi in yana aiki? Ko uba ko uwa sun yi shanyewar ɓarin jiki? Ko yana shan taba? Amsar waɗannan ita ke nuna wa ma'aikaci inda zai fi sa ido.

Sai ido. Ana jan fatar ido ta ƙasa a duba, a duba harshe da tafin hannu. In sun yi fari, alamar ƙarancin jini ce, kuma ƙarancin jini yana tilasta wa zuciya gudu fiye da ƙima. Ana kuma kishingiɗar da mutum, rabi zaune rabi kwance, a dubi jijiyoyin wuyansa. Ga mai lafiya ba su cika ba a wannan zama. In sun cika tam har zuwa kusa da muƙamuƙi, to jini ne ya taru a bakin ƙofar zuciya domin ta kāsa kwashe shi.

Sai hannu. Ana ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannu, wajen babban yatsa, a ƙidaya bugu. Ga baligin da ya huta, daga 60 zuwa 100 cikin minti ɗaya shi ne daidai. Bayan ƙidaya, ana lura ko bugun yana tafiya bisa tsari ko yana tsalle ba kan gado. Bugun da ya rikice haka yakan nuna wata cuta da ke sa jini daskarewa cikin zuciya, gudan jinin ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Akwai maganin da ke rage wannan hatsari, amma sai an gane cutar tukuna. Daga nan a ɗora tafin hannu a ƙirji ta hagu, a nemi inda kan zuciya ke bugawa, watau tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, ƙasa kaɗan da kan nono. In bugun ya gangara ƙasa ko ya karkata wajen hammata, zuciya ta ƙara girma. Ana danna ƙwauri da babban yatsa na ɗan lokaci. In wurin ya loɓa ya ƙi tasowa, ruwa ya taru a jiki, ko dai daga zuciya, ko ƙoda, ko hanta. Ga mai ciwon sukari da mai shan taba, ana laluben bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sau, domin ƙafar da jini ba ya isarta ita ce ke yin gyambon da ba ya warkewa.

Sai kunne. Da abin sauraren ƙirji ana jin sauti biyu a kowane bugu, watau ƙarar rufewar ƙofofin zuciya. In wata ƙofa ta ƙuntata ko tana yoyo, sai a ji wani huci tsakanin sautin biyu, kamar na zugazugin maƙeri. Ana kuma sauraren huhu ta baya, can ƙasa, domin in zuciya ta gaji ruwa yakan kwanta a nan, ya yi ƴar ƙara in mutum ya ja numfashi.

Awon tansiyo da ƙa'idarsa

Awon tansiyo shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma aka fi yi da garaje. Wani likitan Italiya, Riba-Roci, ya ƙirƙiro ɗaurin damtse mai iska a 1896. A 1905 wani likitan sojan Rasha, Korotkof, ya gano sautin da ake saurare a gwiwar hannu domin a san lamba ta sama da ta ƙasa. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. A Nijar an saba cewa 12/8 ko 14/9. Fatake masu zuwa Katsina ko Kano za su ga an rubuta musu 120/80 ko 140/90. Awon ɗaya ne, sifiri kawai aka ƙara. Daga 14 a sama, ko 9 a ƙasa, an shiga hawan jini.

Amma fa lamba ba ta da amfani in ba a bi ƙa'ida ba. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, damtsensa a ɗore daidai da ƙirji. Kada ya sha taba ko shayi ko kafe, kada ya ci goro, rabin awa kafin awo. Kada a yi ta hira da shi ana awon. Ɗaurin ya dace da kaurin damtse, domin ƙaramin ɗauri a babban damtse yakan ƙara lamba. Ran farko a auna hannu biyu. Ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya, sai an sake a wata rana daban, in ba lambar ta yi mugun hawa ba. Wanda ya sauko daga amalanke cikin rana tsaka aka auna shi a tsaye, an ba shi tsoro ne kawai.

Cuta biyu da suka shafi yankin nan

Akwai cutar zuciya iri biyu da ke ƙara wajabta wannan dubawa a ƙasar Hausa. Ta farko ita ce gajiyar zuciyar mai jego. Takan kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin wata biyar bayan haihuwa. A 1978 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun buga bayani a kan mata 224 da suka kamu da ita, suka danganta ta da yawan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi a babban asibitin Yamai, aka buga a 1992, ya nuna ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin matan da suka kamu. Daga baya an gane sanadin ya fi ɗaya. Hawan jinin ciki da rashin isasshen abinci suna ciki. Duk da haka kanwa ƴar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Mai jego da ke tari da dare, tana haki, ƙafafu sun kumbura, ba sanyi ne ya kama ta ba da za a ƙara mata wuta da kanwa. Jijiyar wuyanta da sautin ƙirjinta sun isa su gaya wa ma'aikaci gaskiya.

Ta biyu ita ce lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ba a ba shi maganin da ya dace ba. Bayan sati biyu ko uku gaɓoɓinsa su yi ciwo, su kumbura, su sace. Kowa ya manta. Amma cutar ta bar tabo a ƙofofin zuciya, sai ya kai shekara ashirin ko talatin ta bayyana, ga mace kuwa sau da yawa a cikin fari. An ƙiyasta masu wannan cuta a duniya sun kai miliyan 40 a 2019, kuma a 2018 babban taron OMS ya zartar da ƙuduri a kanta. In an ji hucin ƙofa da wuri, allurar penisilin ta kowane sati uku ko huɗu tana hana ɓarnar ƙaruwa. In an makara, sai aikin tiyata, wanda talaka ba ya iya kusantarsa.

Uzurin da ake kawowa

Uzuri na farko shi ne rashin lokaci. Gaskiya ne ma'aikacin jinya guda yakan wayi gari da mutum sittin a bakin ƙofa, ga yara masu zazzaɓi, ga mai naƙuda. Ba wanda zai musa wahalarsa. Amma awon tansiyo da ƙidayar bugu ba sai lokotoro ba. Duk wanda ya iya karanta lamba, aka horar da shi ƴan kwanaki, zai iya yi tun mutane na zaune a layi, ya rubuta, ya ware waɗanda lambarsu ta hau. Tun cikin shekarun 1960 aka fara horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomomi a jahar Maraɗi, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 ya yi kiran a kai kiwon lafiya kusa da jama'a. Ƙasar da ta yi wancan ba za ta kāsa wannan ba. Kuma minti goma da aka ƙi bayarwa yau, su ne ke komawa kwana ashirin a gadon asibiti.

Uzuri na biyu shi ne wai zamanin na'ura ne, sauraren ƙirji tsohon yayi ne. Lalle na'urar awon lantarkin zuciya da na'urar eko suna ganin abin da kunne ba ya ji. Wani bincike da aka buga a 2007, a kan ƴan makaranta a Kambodiya da Mozambik, ya nuna eko ta gano masu lalacewar ƙofar zuciya kusan ninki goma na waɗanda kunne ya gano. Haka kuma mutum na iya samun toshewar jijiyar zuciya alhali dubawar hannu ba ta nuna kome ba. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai na'urorin suna manyan asibitoci, irin na Yamai da Damagaram da Maraɗi da Tawa, jama'a kuwa mafi yawansu suna karkara. Wa zai zaɓi wanda ya kamata ya hau mota ya bi na'ura, in ba ma'aikacin da ya kama hannunsa ya saurari ƙirjinsa ba? In babu dubawa, sai mai kuɗi ya je ko ba ya bukata, mai bukata ya zauna gida.

Uzuri na uku shi ne kunya. Mata da yawa ba su son namiji ya taɓa ƙirjinsu, mazansu ma ba su so. Wannan abin girmamawa ne, kuma ba yau aka fara ba. Abin sauraren ƙirji kansa kunya ce ta haife shi. A 1816, a birnin Paris, likita Rene Layenek ya ji nauyin ɗora kunnensa a ƙirjin wata budurwa, sai ya naɗe takarda kamar bututu ya saurara ta ciki, ya ji bugun ya fi fitowa sarai. Maganin kunya shi ne labule, da zane na rufe jiki, da ma'aikaciya mace inda hali ya yi, ko ƴar rakiya ta zauna a ɗakin. Barin dubawa ba ya cikin maganin.

Uzuri na huɗu daga jama'a yake. Wasu sukan ce gara kada a auna, domin in an faɗa wa mutum yana da tansiyo, tunani ne zai kashe shi. Amma rashin sani bai taɓa saukar da jinin kowa ba. Wanda ya sani zai rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, watau cikin ƙaramin cokalin shayi, har da na dunƙulen miya da na kanwa. Zai bar taba. Zai guji ƙwayoyin ciwon jiki da na ƙiba da ake talla a faranti cikin kasuwa, domin wasunsu suna hawar da jini. In an ɗora shi bisa magani, zai sha kullum, ba ya bari don ya ji sauƙi, domin maganin yana riƙe ciwon ne, ba ya tumɓuke shi.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

A 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin awon ciki da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5. Awon ciki da rigakafin yara sun buɗe wa mata masu ciki da ƙananan yara ƙofar gidan likita ko ba su kwanta ciwo ba. Magidanci mai shekara arba'in da tsohuwar da ta gama haihuwa ba su da irin wannan ƙofa. Ba su zuwa sai ciwo ya kayar da su. Saboda haka duk ranar da ƙafarsu ta taka gidan likita, ko don ciwon haƙori, ko don rakiyar jika, bai kamata su fita ba a auna su ba.

Ga mahukunta, aikin a fili yake. Kowane ɗakin shan magani ya sami ma'aunin tansiyo mai aiki, da ɗauri ƙarami da babba, da abin sauraren ƙirji. Ma'auni mai allura yana kaucewa in ya sha faɗuwa, sai a riƙa gwada shi da wani amintacce kamar kowane wata shida. Mai aiki da batir kuwa a tanadar masa batir. Masu rangadin duba aiki su buɗe rajista su ga ko an rubuta tansiyon kowane baligi, kamar yadda suke ƙidaya allurar rigakafi. Makarantun horon ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram su tsananta koyar da hannu da kunne a bakin gadon majinyaci. Takardar bizit da ake nema wurin shiga aikin gwamnati, da binciken lafiyar maniyyata aikin haji, kada su tsaya ga sa hannu da buga hatimi. Ma'aikatan ofis su tuna su ma abin ya shafe su, domin dogon zama bisa kujera da ƙiba suna cikin abokan tafiyar hawan jini.

Ga waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, nan ma karatu ya yi rana. Wanda ya iya rubuta lamba ya riƙe karne, ya rubuta kwanan wata da awonsa, da na matarsa, da na mahaifansa, ya riƙa zuwa da shi. Ba rashin ladabi ba ne mutum ya ce wa ma'aikaci: "Don Allah malam, a auna mini tansiyo, a faɗa mini lambar." Wanda awonsa ya yi daidai ya sake bayan shekara. Wanda nasa ya hau ya koma ranar da aka sa masa.

Akwai kuma alamun da ba su jiran ranar kasuwa: ciwon ƙirji mai nauyi da ke miƙewa zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi, karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko sarƙewar magana farat ɗaya, numfashin da ya ƙi sai a zaune, da ciwon kai mai tsanani da duhun gani ga mai ciki, wanda kan zo kafin jijjiga. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya nemi mota ko amalanke nan take, dare ko rana.

Ƙasa tana kashe dukiya mai yawa kafin ta horar da malami guda ko lokotoro guda, gida kuma yakan tsaya ne bisa magidanci guda da uwargida guda. Rasa irin waɗannan da tsakiyar ƙarfinsu, saboda ciwon da yatsu uku da ɗaurin damtse za su iya ganowa, hasara ce da ba ta da uzuri. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A wannan fanni rigakafin yana farawa ne sa'ad da ma'aikaci ya aje alƙalami, ya ce wa majinyaci ya miƙo hannu.